Ƙananan taurarin da ke kan lambobin soja: me suke ƙirgawa?

Baban_Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu bibiyar tarihin soja a wannan zaure. Wani abokin aikina Ba'amurke ya nuna mini hoton kayan kakansa da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ce a gidansu kowa ya tashi da sanin cewa tsohon ya samu lambar Bronze Star har sau uku. Amma ni abin da na gani lamba ce zagayayya guda ɗaya, kintinkirinta kore a tsakiya da ruwan ƙasa a gefe, sai wasu 'yan mitsi-mitsin taurari uku na tagulla da aka soke a jikin kintinkirin. Shin waɗannan su ne Bronze Star ɗin? Kuma gaba ɗaya ma, in aka ga tauraro a kan lamba ko a kan 'yan ƙyallayen nan masu launi da sojoji ke jerawa a ƙirji, me yake nufi?

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Ai tauraro a jikin soja muƙami ne. Mai tauraro ɗaya, mai biyu, har zuwa huɗu, haka ake kiran janar-janar a labarai.

Mai_Tarihi45:
Hajiya Ummu Khalil, wannan da kike faɗa na kafaɗa ne ko na wuyan riga, shi ne muƙami. Wanda ake tambaya na ƙirji ne, kuma ba ruwansa da muƙami. Kurtu zai iya samun taurari biyar a kan kintinkirinsa alhali kanar ɗin da ke zaune a hedikwata can gida ba shi da ko ɗaya.

Baban Sumayya, bisa yadda ka siffanta ta, lambar da ka gani ita ce wadda Amurka ta ba duk sojan da ya yi aiki a fagen Turai, Afirka da Gabas ta Tsakiya a wancan yaƙi. Su Amurkawa sun yanka yaƙin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da sunansa, da iyakar ƙasarsa, da ranar farawa da ta ƙarewa. Mu kira shi zangon yaƙi. Misali zangon Normandi da ke Faransa ya fara ranar 6 ga Yuni 1944 ya ƙare 24 ga Yuli. Bayansa akwai Arewacin Faransa, sai Rhineland, sai Ardennes-Alsace wanda ya kama daga 16 ga Disamba 1944 zuwa 25 ga Janairu 1945, sai Tsakiyar Turai. Duk sojan da rundunarsa ke cikin yankin a cikin kwanakin, yana da ɗan tauraron tagulla ɗaya. Girmansa inci 3/16 ne, bai cika milimita biyar ba. Saboda haka taurari uku na nufin tsohon ya halarci zango uku.

Ita kuwa Bronze Star, wato Tauraron Tagulla, lambar yabo ce mai zaman kanta. Jikinta gaba ɗaya tauraro ne mai tsini biyar, kintinkirinta ja ne da siririn layi shuɗi a tsakiya mai farin baki. In ba ka ga wannan a hoton ba, to ba ita ba ce.

Baban_Sumayya:
Na gode Malam. Babu wata ja mai shuɗi a tsakiya a hoton. To daga ina dangin suka samo maganar tasu?

Mai_Tarihi45:
Daga takardar sallama, kusan kullum. Akawun da ya buga takardar yakan rubuta sunan lambar a taƙaice sannan ya ƙara cewa tana tare da taurarin tagulla uku. A harshensu kalmomin da ake rubuta hakan da su da sunan waccan lambar kusan ɗaya suke. Jika ya ɗauko takarda bayan shekara sittin, ya karanta, ya fahimci abin da kowa zai fahimta. Ba ƙarya suka shirya ba. Ana yawan ganin irin haka har a sanarwar rasuwa da ake bugawa a jaridunsu.

Sadauki_99:
Kenan a taƙaice taurarin nan ba komai ba ne. Shaidar halarta ce kawai. Mai dafa abinci ma yana samu, ko ba haka ba?

TsohonSaje:
Yaro, ka iya bakinka. Mai dafa abinci yana samu, ƙwarai kuwa. Ka taɓa tunanin a ina yake dafa abincin? Harsashin igwa ba ya tambayar aikin mutum kafin ya sauka. Na yi aikin kiyaye zaman lafiya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wanda na fi tausayawa a sansaninmu direban tankar ruwa ne. Kullum shi ke kan hanya, hanyar da mu masu bindiga sai an haɗa ayari muke bin ta. Shi da ni lamba iri ɗaya aka maƙala mana, kuma har ga Allah ban taɓa jin an rage mini komai ba.

Sadauki_99:
Allah ya huci zuciyarka Baba Saje, ba raini nake nufi ba. Abin da nake cewa, akwai bambanci tsakanin wanda ya je da wanda ya yi abin bajinta.

TsohonSaje:
Akwai bambanci, shi ya sa aka yi musu lambobi daban. Amma "ba komai ba ne" ɗin nan ita ce ba ta yi mini daɗi ba.

Binta_Makaranta:
Ina goyon bayan Baba Saje, kuma ga misali daga shi wannan yaƙin. Bayan sojojin ƙawance sun ɓalle daga Normandi a 1944, sun yi gudu gaba har suka bar man fetur da harsasai a baya, domin layukan dogo na Faransa sun lalace. Sai aka kafa ayarin manyan motoci da ake kira Red Ball Express, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Nuwamba na shekarar. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fata ne, a lokacin da rundunar ke ware su, ta fi tura su aikin dako da tuƙi. Dare da rana suke tuƙi, da dare ma fitilun a rufe sai ɗan tsagi. Yawancinsu ba su fita da wata lambar jarumta ba. Abin da ke nuna sun kasance a wurin shi ne wannan ɗan tauraron. In ka ce ba komai ba ne, ka shafe su ke nan daga labarin.

Mai_Tarihi45:
Kuma su kansu sojojin ba su ɗauke shi wasa ba, domin akwai lokacin da shi ne ke mayar da mutum gida. A watan Mayu 1945, da Jamus ta miƙa wuya, rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta fito da tsarin maki don tantance wa za a fara sallama. Maki ɗaya a kan kowane wata na aiki, ƙarin ɗaya a kan kowane wata a ƙasar waje, maki 12 a kan kowane ɗa ƙarami har zuwa 'ya'ya uku, sannan maki biyar a kan kowace lambar yabo da kowane tauraron zangon yaƙi. Wanda ya tara 85 ya cancanci tafiya. Ku lissafa: taurari uku maki 15 ne, daidai da wata bakwai da rabi a ƙasar waje. A lokacin ana yaƙi da Japan, wanda makinsa bai kai ba yana iya tsintar kansa a jirgin ruwa zuwa can. To kun ga mutum ba zai yarda a manta masa da tauraro ɗaya ba.

Abu_Fadil:
Ni tambayata a kan launi ce. Na ga hoton wani da tauraro fari guda ɗaya a kan irin wannan lambar. Silver Star ke nan?

Binta_Makaranta:
A'a Malam Abu Fadil. Ƙaramin tauraron azurfa yana tsayawa a madadin na tagulla biyar, saboda kintinkirin ba shi da faɗin da zai ɗauki jerin taurari. Wanda ya sauka Normandi ya tafi har Tsakiyar Turai, zango biyar ɗin nan da Malam Mai Tarihi ya lissafa, tauraron azurfa ɗaya tak zai saka. Wanda bai sani ba zai ga mai uku ya fi mai ɗaya, alhali mai ɗayan ya fi shi da biyu. In ka ga na azurfa ɗaya da na tagulla biyu, bakwai ke nan.

Silver Star kuma ita ce ta uku a daraja cikin lambobin jarumta a fagen daga na Amurka. Medal of Honor ce a sama, sai masu siffar kuros na kowace runduna, sai ita.

Mai_Tarihi45:
Akwai wani abu a tarihin Silver Star da ke ƙara rikita mutane. Asalinta ita ma ɗan ƙaramin tauraro ce. A 1918 aka ƙirƙiro ɗan tauraron azurfa mai girman inci 3/16 don sojan da aka ambaci sunansa a rubuce saboda jarumta, yana soka shi a kan kintinkirin lambar nasara ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a 1932 aka mayar da shi cikakkiyar lamba. Shi ya sa in ka dubi Silver Star za ka ga babban tauraron ruwan zinare ne, na azurfar yana can tsakiya, ɗan ƙarami. To a kan lambar Yaƙi na Ɗaya ɗan tauraron azurfa jarumta yake nufi, a kan ta Yaƙi na Biyu kuwa zango biyar yake nufi. Girma ɗaya, launi ɗaya.

Abu_Fadil:
Ikon Allah. To ta yaya mutum zai gane?

Mai_Tarihi45:
Ka fara gane kintinkirin kafin ka ƙirga abin da ke kansa. Launin kintinkirin ne ke gaya maka wace lamba ce, dokar wannan lambar ce kuma ke gaya maka abin da tauraron ke ƙirgawa.

Hafsat_ZK:
Bari in kawo wani abin da ba a ambata ba. A kan wasu lambobin tauraro ɗaya yana nufin ɗaya, a kan wasu yana nufin biyu. Ku ɗauki National Defense Service Medal, mai jan kintinkiri da rawaya a tsakiya, wadda aka kafa a 1953 zamanin Shugaba Eisenhower. Ana ba duk wanda ke aikin soja a lokacin da aka ayyana, ko da bai bar Amurka ba. Lokutan huɗu ne: na Koriya daga 1950 zuwa 1954, na Biyetnam daga 1961 zuwa 1974, na yaƙin Tekun Fasha daga 1990 zuwa 1995, sai wanda ya fara 11 ga Satumba 2001 aka rufe shi ƙarshen 2022. Wanda ya yi aiki a lokaci ɗaya kintinkirinsa babu komai a kai. Wanda ya yi a biyu shi ke saka tauraro ɗaya. Amma a lambar Biyetnam, ko ta Iraƙi, ko ta Afghanistan, zangon farko ma yana da tauraronsa. A lissafin sojin ƙasa, lambar Biyetnam zango 17 gare ta, ta Koriya goma.

Ummu_Khalil:
Kai, wannan lissafi sai su. Me ya hana su rubuta lamba kawai, 2 ko 3?

TsohonSaje:
Hajiya, akwai masu yin haka. Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya bayan kwana 90 a wurin aiki ake ba da ita, kowane aiki da launin kintinkirinsa. In ka ƙara wa'adi a wuri ɗaya, ba a sake ba ka wata, ɗan adadi na ƙarfe ake maƙala maka a kai. Duk wanda ya kalla ya san sau nawa ka yi.

Jikan_Mazan_Jiya:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, amma wannan ta taɓa ni. Duk bayanin da ake yi na Amurka ne. A tsarin Ingila tauraron shi ne lambar kanta. Kakana ya yi yaƙin Burma, kuma lambobinsa suna hannuna. Biyu daga ciki taurari ne masu tsini shida, ruwan tagulla, a tsakiya akwai tambarin Sarki George na Shida da kambi a sama, an zagaye shi da sunan lambar. Ɗaya ita ce 1939–45 Star, kintinkirinta shuɗi mai duhu, ja, da shuɗi mai haske, na sojan ruwa, na ƙasa da na sama. Ɗayar ita ce Burma Star, ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da layin ruwan lemo. Bayansu a shafe yake, babu suna babu lamba. Ina yaro nakan juya su ina neman sunansa.

Mai_Tarihi45:
Allah ya jiƙansa da rahama. Haka Ingila ta raba su, babu suna a jiki, saɓanin na Yaƙi na Ɗaya da aka buga wa kowa sunansa da lambarsa. Ostireliya da Afirka ta Kudu da Indiya ne suka buga sunaye a nasu.

Taurari takwas aka yi na wancan yaƙi: 1939–45, Atlantika, na matuƙan jiragen sama a Turai, Afirka, Pasifik, Burma, Italiya, sai Faransa da Jamus. A 2012 aka ƙara ta tara, Arctic Star, don waɗanda suka yi rakiyar jiragen ruwa ta tekun ƙanƙara zuwa Tarayyar Sobiyet. Burma Star ta shafi aiki daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ƙunshi sojojin Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairu 1945. Kafin nan wasu sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, wannan kuma ƙarƙashin Africa Star yake.

Abin lura, su ma waɗannan na halarta ne. Ba a ba da Burma Star don wani aikin bajinta na musamman, don zuwa ake ba da ita.

Jikan_Mazan_Jiya:
Amin, na gode Malam. Shi bai taɓa cewa ya yi wata bajinta ba. Abin da yake faɗa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku a ƙafa, da kayan da ake jefo musu daga jirgin sama, da mutanen da suka ɗauki kayan runduna a ka suna hawa duwatsun da mota ba ta iya shiga. Yakan ce da babu masu dakon nan da babu wanda zai kai ko'ina. Shi ya sa maganar Baba Saje ta shige ni.

Sadauki_99:
To a tsarin Ingila in mutum ya sake samun lamba iri ɗaya fa, tauraro ake ƙara masa?

Binta_Makaranta:
A'a, su ƙaramin sandan ƙarfe suke gitta wa kintinkirin. In kuma ƙyallen kaɗai aka saka ba tare da lambar ba, sai a maƙala 'yar furen azurfa. Misali wanda ya cancanci Burma Star da Pacific Star duka biyu ba a ba shi biyu, ana ba shi wadda ya fara cancanta, sai a gitta masa sandan mai ɗauke da sunan ɗayar. A kan Africa Star kuwa za ka ga adadin 8 ko 1, na Runduna ta Takwas ko ta Ɗaya. Wanda aka ambaci sunansa a rahoton kwamanda yana saka ganyen tagulla guda. Victoria Cross, babbar lambarsu, mutum uku ne kacal suka taɓa samun ta sau biyu: Arthur Martin-Leake, Noel Chavasse da Charles Upham. Biyun farko likitoci ne.

Moussa_Lissafi:
Ku ba ni dama in kawo na Faransa, domin a can maganar ta juye gaba ɗaya. A kan Croix de guerre, wadda aka kafa a 1915, kowane tauraro yabo ne na jarumta, ba halarta ba. Launinsa kuma yana nuna matakin da yabon ya fito. Na tagulla, an ambace ka a matakin rejimanti ko birged. Na azurfa, matakin dibishin. Mai ruwan zinare, matakin da ke sama da dibishin. In yabon ya kai matakin babbar runduna gaba ɗaya, ba tauraro ba ne kuma, ɗan reshe ne mai ganye na tagulla, biyar daga cikinsu a musanya su da na azurfa ɗaya. Saboda haka Bafaranshe ko tsohon sojan Afirka da ya yi wa Faransa yaƙi, in ka gan shi da taurarin tagulla uku a kan wannan lamba, sau uku ke nan aka rubuta sunansa da abin da ya aikata. Da dangin abokin Baban Sumayya Faransawa ne, kuma wannan ce lambar, da fahimtarsu ta yi kusa da gaskiya.

Abu_Fadil:
Na Rasha fa? Ina ganin tsofaffinsu ranar faretin 9 ga Mayu da tauraro ɗaya na zinare can sama da sauran.

Moussa_Lissafi:
Wannan tauraron Gwarzon Tarayyar Sobiyet ne. An kafa laƙabin a 1934, tauraron zinaren kuma a 1939. A zamanin Sobiyet ba sa maƙala alama a kan na farko, wani tauraron sukutum ake ƙara maka. Babban kwamandansu Zhukov huɗu gare shi. Matuƙan jiragen yaƙi Pokryshkin da Kozhedub uku-uku.

Hafsat_ZK:
Mu dawo Amurka kaɗan, akwai taurari iri na uku da ba a taɓo ba, kuma su ne suka fi kusa da abin da dangin nan suke zato. Sojojin ruwa, dakarun Marin da masu tsaron gaɓar teku suna amfani da tauraro mai ɗan girma, inci 5/16, kusan milimita takwas, don nuna an sake ba mutum lambar yabo ta ƙashin kansa. Na zinare ɗaya, karo na biyu ke nan. Na azurfa yana madadin na zinare biyar, wato a nan azurfa ta fi zinare. Janar Chesty Puller na dakarun Marin ya samu Navy Cross sau biyar, a ƙirjinsa kintinkiri ɗaya ne da taurarin zinare huɗu. Sojojin ƙasa da na sama ba sa amfani da tauraro don wannan, ɗan reshe mai ganye na itacen oak suke sakawa. Ma'ana, da kakan abokin nan sojan ƙasa ne kuma ya samu Bronze Star sau uku da gaske, abin da za a gani jan kintinkiri ne da 'yan ganyaye biyu.

Sai harafin V, wanda ke nuna an ba da lambar ne don jarumta a gaban abokan gaba. Bronze Star marar V ana ba da ita don kyakkyawan aiki a yankin yaƙi. Akwai kuma ɗan kan kibiya na tagulla ga wanda ya shiga farmakin farko ta ruwa ko ya dira da laima. Guda ɗaya ake sakawa a kintinkiri ko sau nawa mutum ya yi.

Ummu_Khalil:
Allah ya saka da alheri. Na taɓa jin an ce jirgin ruwa ma yana da taurari.

Mai_Tarihi45:
Gaskiya ne Hajiya. Jirgin ruwan yaƙi yana samun tauraro a kan kowane zango ko gumurzu da ya halarta. USS Enterprise, mai ɗaukar jiragen sama, ya tara 20 a Yaƙi na Biyu, babu jirgin Amurka da ya kai shi a wancan yaƙi.

Baban_Sumayya:
Na isar wa abokin nawa da bayaninku, ya kuma turo mini hoton takardar sallamar. Kamar yadda Malam Mai Tarihi ya faɗa ne, taurarin uku a jikin lambar Turai suke, an ma jera sunayen: Rhineland, Ardennes, Tsakiyar Turai. Amma a wani layi na ga an rubuta Combat Infantryman Badge. Wannan kuma fa?

Mai_Tarihi45:
To ai wannan ta sauya lissafi. Bajo ce mai hoton doguwar bindiga a kan shuɗi da ganyaye kewaye, an ƙirƙiro ta a 1943 don sojan ƙafa da ya yi artabu da kansa. Ita Bronze Star an kafa ta a Fabrairu 1944, kuma Janar George Marshall ne ya matsa a yi ta, domin sojojin sama suna da Air Medal tun 1942 alhali sojan ƙafa, wanda ya fi kowa mutuwa, ba shi da irinta. A 1947 aka yanke cewa duk wanda ya samu wannan bajo, ko takwararta ta ma'aikatan jinya na bakin daga, a Yaƙi na Biyu, ya cancanci Bronze Star. Da yawa sun riga sun koma gida, ba su ma ji labari ba. Kenan tsohon ya cancanci guda ɗaya, kuma dangi na iya rubutawa su nema. Su riƙe takardar nan da kyau, domin gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun soja da ke St. Louis a watan Yuli 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, yawancinsu na sojojin ƙasa na wancan zamani.

Sadauki_99:
Amma ita ma ɗin marar V ce ko? Kenan dai har yanzu ba za a ce lambar jarumta ba ce.

Hafsat_ZK:
Marar V ce, haka ne. Kuma ni ina ganin ya kamata a faɗi kowane abu yadda yake. Su kansu Amurkawa ba sa wasa da wannan. Sun yi doka a 2006 da ta haramta ƙaryar samun lambar soja, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2012 bisa 'yancin faɗar albarkacin baki, suka sake wata a 2013 da ke hukunta wanda ya yi ƙaryar don samun kuɗi ko wata moriya. Dangin nan ba su yi laifi ba, amma yanzu da suka sani, su ce zango uku da Bronze Star ɗaya. In kowa ya mayar da tauraron halarta na jarumta, wanda ya ɗauko abokinsa a ƙarƙashin ruwan harsashi me za a ce da tasa?

TsohonSaje:
'Yata, ban ƙi taki ba, a faɗi gaskiya. Amma ku sani lambar jarumta sai wani hafsa ya gani, ya rayu, ya zauna ya rubuta, na sama ya sa hannu. Na san mutanen da suka yi abin da ya fi na masu lambar, wanda zai rubuta musu ne bai kai gari ba. Sojan ƙafa da ya yi sanyin Ardennes a rami, a watan Disamba, ni ba na buƙatar harafin V kafin in miƙe masa tsaye.

Moussa_Lissafi:
Baba Saje, shi ya sa nake ganin tsarin Faransa ya fi adalci ta wannan fuskar, tunda kwamandan rejimanti ma yana iya ba da yabo, ba sai takarda ta yi doguwar tafiya ba.

Binta_Makaranta:
Shi ma ɗin sai an gani an rubuta, Malam Moussa. Tauraron halarta ne kaɗai ba ya jiran shaidar kowa, rajistar runduna ta ishe shi.

Abu_Fadil:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Na duba hoton bajon nan mai bindiga, na ga wata da taurari biyu a samanta. Zango biyu ke nan ko uku?

Hafsat_ZK:
Ba zango take ƙirgawa ba, yaƙe-yaƙe take ƙirgawa, kuma na farko ba shi da tauraro. Mai biyu ya yi artabu a yaƙi uku daban-daban. Waɗanda suka samu haka su ne suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi Koriya, suka kuma yi Biyetnam.